'Yata ba ta ganin allo, Hajiya kuma ta ce ba za a sa mata gilashi ba

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba. 'Yata shekararta 9, tana aji huɗu. Tun bara karatunta yake ja da baya, daga ta biyar ta koma ta ashirin da wani abu. Idan ka buɗe littafinta rabin abin da aka rubuta a allo babu, wanda ta kwafa ɗin ma a cakuɗe. Na yi faɗa, babanta ya yi faɗa, har bulala ta sha a makaranta wai ba ta mai da hankali.

Ranar Asabar muna zaune a tsakar gida na ce ta leƙa agogon bangon falo ta gaya min ƙarfe nawa. Sai na ga ta ƙanƙance ido, ta karkata kai, ta yi taku uku, ta ƙara biyu, sai da ta kusa dafa bangon sannan ta ce biyar saura kwata. Ni daga inda nake ina hango har sandar daƙiƙa. Na ce mata haka kike gani kullum? Ta ce, "Mama, ba haka kowa yake gani ba?" Wallahi ɗaki na shiga na yi kuka.

Ranar Litinin na kai ta asibitin ido. Suka ɗiga mata magani, muka jira, suka auna, suka rubuto gilashi, dama −2.50, hagu −2.00, suka ce ta riƙa sawa kullum. Da labari ya kai wa Hajiya, mahaifiyar maigidana, sai ta ce sam. Wai gilashi cinye ido yake, duk wanda ya fara ba ya dainawa, kullum ƙara masa ƙarfi ake yi har ido ya mutu. Kuma wai yarinya mace ce, kada a nakasa ta tun tana ƙarama, a riƙa sa mata kwalli zai washe. Maigida ya tsaya a tsakiya, ba ya son saɓa wa mahaifiyarsa. Ni ma ba na so. To yaya zan yi?

Ummu Sultan:
Wa alaikumus salam. Allah sarki yarinya, ta sha bulala a kan abin da ba laifinta ba. Allah ya ba ta lafiya. Ki sa mata kawai 'yar'uwa.

Yayan Marayu:
Ni fa ban ga laifin Hajiya ba, don abin da ta faɗa a kaina ya faru. Ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare aka ba ni −1.00. Kafin na gama sakandare na kai −3.50, yau ina −5.50. Idan na cire da safe ko silifas ɗina ba na gani a bakin gado. Kafin na fara sawa ina lallaɓawa da idona haka nan. Ku gaya min idan ba gilashin ba ne ya lalata min ido, mene ne?

Malamar Aji Uku:
Maman Ilham, maganarki ta taɓa ni, don ni ma na taɓa hukunta yaro a kan irin wannan kafin na gane. Shekarata 14 ina koyarwa. Ajinmu yara sun haura 70, allon ya koɗe, alli farin ba ya fita sosai, tagogi biyu ne. Yanzu duk farkon zango ina rubuta haruffa a allo, in tsayar da yaro a bayan aji, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya karanta, sannan ya rufe ɗayan. Duk shekara sai na tsinci biyu ko uku. Alamominsu iri ɗaya ne: kwafa daga littafin na kusa da shi, ƙanƙance ido, ciwon kai bayan tashi, ko ya riƙa tasowa gaban allo ya durƙusa. Yaro ba zai ce miki ba ya gani ba, don bai san yadda gani yake ba. Kafin a gama shawo kan Hajiya ki je makarantar ki roƙa a dawo da ita layin gaba.

Likitan Ido:
Assalamu alaikum. Aikina ke nan, awon ido da rubuta gilashi, don haka bari in ɗan yi tsawo.

Ido kamar ƙwallo yake. A bayansa daga ciki akwai wani tantani, shi ne allon da hoto yake sauka a kai. Idon babban mutum mai lafiya tsawonsa daga gaba zuwa baya kusan milimita 24 ne. A wurin masu wannan matsala, wadda likitoci suke kira mayofiya, ƙwallon ya yi tsawo fiye da kima, sai hasken da ya taho daga nesa ya haɗu tun kafin ya isa allon, hoton ya sauka a baje. Milimita ɗaya kacal idan ta ƙaru tana kawo kusan −2.50 zuwa −3.00. Abin kusa kuwa ras ake ganinsa. Mai −2.50 iyakar inda yake gani tangaran santimita 40 ce daga fuskarsa, wato bai kai tsawon hannu ba. Duk abin da ya wuce nan hazo ne. Ku auna nisan bencin baya da allo, ku ga abin da yarinyar nan take fama da shi shekara guda.

Yayan Marayu, Allah ya ƙara lafiya, tambayarka ita ce wadda na fi ji a ɗakin awo. Ka tuna takalminka na aji ɗaya, shi ka sa har ka gama sakandare? Duk shekara ana ƙara lamba, amma ba takalmin ne yake ja maka ƙafa ba, girma kake yi. Haka idonka. Matsalar tana farawa ne a shekarun firamare zuwa farkon sakandare, ta yi ta ƙaruwa muddin jiki yana girma, yawanci ta lafa wajen shekara 20 ko 'yan kai. Da ka sa da ba ka sa ba, idon zai yi tsawonsa. Abin da ya sa kake jin kamar da ka fi gani shi ne a lokacin −1.00 gare ka, kuma ba ka da abin kwatantawa. Har gwadawa an yi a Malesiya, aka ba wasu yara gilashin da bai kai ƙarfin da suke bukata ba da zaton hakan zai rage gudun abin. Da aka bi su shekara biyu, nasu ya fi na waɗanda aka ba cikakke saurin ƙaruwa.

Yayan Marayu:
To Likita na ji misalin takalmi. Amma me ya sa mu goma a gidanmu ni kaɗai ne? Babanmu har ya rasu yana hango jinjirin wata da idonsa.

Likitan Ido:
Allah ya jiƙan Baba. Gado yana da hannu, wanda iyayensa biyu suke da ita ya fi shiga haɗari, amma gado ba shi kaɗai ba ne. In tambaye ka, a cikin ku goman wa ya fi zaman ɗaki da littafi?

Yayan Marayu:
Ni ne kam. Sauran suna gona da ƙwallo, ni ina ɗaki.

Alhajin Guangzhou:
Wannan magana ta tuna min abin da nake gani. Shekara 11 ina zuwa Guangzhou saro kaya. Idan aka tashi 'yan sakandare ka tsaya a bakin titi, wanda ba shi da gilashi shi ne abin nema. Na tambayi wanda yake min tafinta, ya ce a ajinsu mutum huɗu ne kawai ba sa sawa. Da ina zaton halittarsu ce haka.

Likitan Ido:
Alhaji, kakanninsu ba haka suke ba, cikin shekaru 50 zuwa 60 abin ya zama haka. A manyan biranen Sin, da Taiwan, da Singafo, da Koriya ta Kudu, kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na masu gama sakandare suna da ita. A birnin Seoul an auna samari 'yan shekara 19 da aka kira aikin soja, aka samu sama da kashi 96. Jini ba ya canzawa da wannan sauri, rayuwar yara ce ta canza.

Akwai binciken da ya buɗe wa mutane ido a 2008. An kwatanta yara 'yan asalin Sin masu shekara 6 zuwa 7, wasu a Sidni ta Ostireliya, wasu a Singafo. Na Sidni kashi 3 cikin 100 ne suke da matsalar, na Singafo kashi 29. Kuma na Sidni ba su gaza su karatu ba. Bambancin shi ne na Sidni suna yin kusan awa 14 a waje duk mako, na Singafo awa 3. A garin da kake zuwa ma, Guangzhou, an ƙara wa wasu makarantun firamare minti 40 na zama a waje kowace rana har shekara uku. Waɗanda suka kamu a cikinsu kashi 30 ne, a sauran makarantun kusan kashi 40. Taiwan tun 2010 ta umarci makarantu su riƙa fitar da yara minti 120 a rana, kuma bayan shekaru ana hawa sai alƙaluman suka fara sauka. Hasken rana ne sirrin. Ko a inuwar bishiya hasken ya ninka na cikin aji sau da yawa, kuma ana ganin shi yake sa ido ya saki wani sinadari da ke taka wa tsawonsa birki.

Masana sun yi hasashe a 2016 cewa nan da 2050 kusan rabin mutanen duniya za su kasance da ita. Mu nan ba mu kai can ba, amma ni da nake zaune a ɗakin awo ina ganin yaran birni suna ƙaruwa.

Abban Khairat:
To ai mu ma hanyar muka ɗauka. Ku duba yaran yanzu. Ƙarfe 7 an zuba su a mota ko adaidaita, boko har 2, a ci abinci a tsaye, Islamiyya har 6, bayan magariba mai lesin ya zo, bayan isha a ɗauki wayar uwa. Asabar da Lahadi hadda tun safe. Gidajen da muke ginawa ma babu tsakar gida, an rufe ko'ina da kwano. Yaushe yaron ya ga rana? Mu da muka taso ana langa da 'yar gala-gala a ƙofar gida har a kira sallah, a ajinmu mutum ɗaya ne mai gilashi.

Malam Na Tsangaya:
Abban Khairat, a yi hattara kada maganar ta koma kamar karatun addini ne yake kashe ido. Mun yi hadda, iyayenmu sun yi, da hasken wutar kara ma, ba mu ga wannan ba.

Abban Khairat:
Allah ya gafarta Malam, ba haka nake nufi ba. Amma a ina kuka yi karatun? A ƙarƙashin bishiya ko a rumfa, da allo mai manyan baƙaƙe, a tashi a je itace, a je ɗiban ruwa. Na yanzu a ɗaki suke, taga ɗaya, da ƙaramin mushafi a kusa da hanci. Karatun ɗaya ne, wurin zaman ne ya bambanta.

Malam Na Tsangaya:
Idan haka ne na fahimta. Mu har yanzu darasin safe a waje muke yi. Zan faɗa wa masu Islamiyyar unguwarmu, suna da fili da darbejiya biyu, ba abin da zai hana a shimfiɗa tabarma a can.

Ummu Sultan:
Ni tsoron fitar da yara nake yi wallahi, zamanin ya lalace, ga masu babura ga satar yara. Balle 'ya mace. Kuma zafin watan Afrilu wa zai ce yaro ya fita?

Likitan Ido:
Gaskiyarki Ummu Sultan, ba cewa aka yi a sake su a titi ko a shanya su a rana ba. Inuwa ta wadatar, tsakar gida ta wadatar, safe da bayan la'asar sun wadatar. A fitar da tabarma a yi aikin gida a waje, a ci abinci a waje. Awa biyu a rana ake nema, ko a rarrabe. Sai dai in faɗi gaskiya, fita waje ta fi ƙarfi wajen kare yaron da bai kamu ba. Wadda ta riga ta kamu tana amfana, amma ba zai mayar da idon baya ba, gilashinta dole ne. Ƙannenta ne za a yi wa rigakafi tun yanzu.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni tambaya gare ni. Ɗiyata ma tana kukan ba ta ganin allo a lakwal. A kasuwa akwai masu saida gilashi a faranti, kana gwadawa har ka samu wanda ya yi maka. In sai mata irin wannan bai isa ba? Awon asibiti da tsada.

Likitan Ido:
Don Allah kada ka yi. Na faranti gilashin karatu ne na manya, lambarsa mai alamar tarawa ce, an yi shi don wanda ya haura 40 ya fara nesanta takarda da fuskarsa. Na mai matsalar nesa alamar ragewa gare shi, kishiyar wancan. Idan ka sa mata na faranti hazon zai ƙaru. Kuma idon yaro yana da ƙarfin matse kansa, shi ya sa muke ɗiga magani ya saki kafin awo, in ba haka ba sai a rubuta lambar da ta fi ƙarfinsa. Sau da yawa ido biyun ma ba lamba ɗaya ba ne. Kada kuma ta ari na wata. Firam mai araha ba laifi, lambar ce ba a wasa da ita. Ka sa ido a watan Oktoba, Alhamis ta biyu ita ce ranar gani ta duniya, asibitoci da ƙungiyoyi da dama sukan yi awo kyauta a lokacin. Amma idan da hali kada ka jira.

Maman Ilham:
Likita na gode, Allah ya saka da alheri. Maganar kwallin fa? Kuma wata maƙwabciyata ta ce in ɗiga mata zuma.

Likitan Ido:
Kwalli ado ne kuma ba na raina shi, amma ba ya rage tsawon ƙwallon ido. Wani kwallin da ake sayarwa ma akwai dalma a cikinsa, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, don haka a yi hankali da shi a idon ƙananan yara. Zuma a sha ta, kada a ɗiga. Haka nono, ruwan sukari, ruwan ganye, na ga idanun da suka tafi ta wannan hanya. Karas da man ja suna maganin dundumi, wanda rashin sinadarin bitamin A yake kawowa, wannan kuwa wata cuta ce daban.

Yayan Marayu, kai ma ina da magana da kai. Daga −5.00 zuwa −6.00 abin ya shiga babban mataki. Idon da ya yi tsawo tantaninsa na baya a miƙe yake, ya fi saurin yagewa ko ɓallewa, kuma hawan jinin ido da yana sun fi kama shi. Ka riƙa zuwa duk shekara a buɗe idon da magani a duba bayansa, ba canjin gilashi kawai ba. Ranar da ka ga walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen ɗigo sun yi yawa farat ɗaya kamar ƙudaje, ko wani duhu yana saukowa kamar labule, a ranar za ka tafi asibitin ido, kada ka kwana. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa.

Yayan Marayu:
Subhanallah, ba wanda ya taɓa gaya min haka, shekara huɗu rabona da awo. Aikin leza da ake yi fa, ba ya raba mutum da abin gaba ɗaya?

Likitan Ido:
Yana raba mutum da gilashi, don gaban idon ake sassaƙewa. Tsawon yana nan, haɗarin bayan ido yana nan. Kuma ba a yi wa yaro, sai an haura 18 lamba ta tsaya. Na yara akwai ɗigon atirofin mai rauni sosai da aka gwada a Singafo da Hong Kong, da wasu gilasai na musamman, suna rage gudun ƙaruwar. Likita ne yake rubutawa yana bibiya, ba a saya a kemis a ɗiga.

Gwaggon Yara:
Duk kun yi bayani mai kyau, amma ba ku taɓa ainihin damuwar yarinyar nan ba, wato surukarta. Ni ma suruka ce, jikokina 12. 'Yata, kada ki je wa Hajiya da "likita ya ce", za ta ji kamar kin zo ki nuna mata boko. Ba ƙin jikarta take yi ba, tsoro take ji, ta ga waɗanda suka fara da siriri suka ƙare da mai kauri kamar gindin kwalba. Maganar nakasa kuma, aure take hango mata, ba ta dai faɗa ba ne. Ki bar ɗanta ya yi mata magana, ke ki yi shiru a gefe. In tambaye ki, tana da gilashin karatun Alƙur'ani?

Maman Ilham:
Tana da shi Gwaggo, ba ta rabuwa da shi, a cikin jakar carbinta yake.

Gwaggon Yara:
To alhamdu lillahi. Ni idan na manta nawa a fuska na ɗaga kai, ko fuskar mai shigowa ba na ganewa. Likita, ba irin wannan hazon yarinyar take gani ba?

Likitan Ido:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma, kin fi ni iya bayani. Haka yake daidai. Idan Hajiya tana ganin nesa lafiya, kuma gilashin karatunta wajen +2.50 ne kamar na yawancin masu shekarunta, to idan ta sa shi ta dubi nesa, abin da jikarta take gani ke nan ba tare da gilashi ba.

Gwaggon Yara:
To ka ji. Ɗanta ya roƙe ta ta sa shi, ta tsaya a bakin ɗakinta ta dubi ƙofar gida, a ce mata haka yarinyar take ganin allo tun bara. Gani ya kori ji.

Malamar Aji Uku:
Idan an samu an sa mata, ki shirya ta don tsokanar yara, za su ce mata furofesa ko tsohuwa. Ki bar ta ta zaɓi firam ɗin da kanta, wanda take so ba za ta ɓoye shi a jaka ba. A sa masa igiya, kuma ki gaya wa malamarta ta sa ido makon farko.

Maman Ilham:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani, ku yi haƙuri kwana biyar shiru. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka je gaida Hajiya. Babanta ya yi yadda Gwaggo ta ce, ni ina gefe ina yanka mata alayyahu. Ta sa gilashin tana cewa wane irin wasa ne wannan, ya je ya tsaya a zaure ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne. Ta yi shiru. Ta cire, ta mayar, ta sake cirewa. Sai ta kira yarinyar ta zaunar da ita a cinya ta ce, "Haka kike ganina idan na shigo gidanku?" Ta ce eh, da muryarki nake gane ki, Hajiya. Ba ta ƙara cewa komai ba sai da za mu tafi, ta kwance bakin zaninta ta ba babanta kuɗi ta ce a ƙara a sayo mai kyau. Ta dai kafa sharaɗi, wai a cire mata idan za ta kwanta, na ce ai dama haka ake yi.

Jiya muka karɓo, ta zaɓi mai ruwan hoda. Muna fitowa ta tsaya a bakin titi tana kallon wata darbejiya, ta ce, "Mama, ashe daga nan ana ganin ganye ɗaya-ɗaya." Duk allon shagon da muka wuce a adaidaita sai ta karanta shi da ƙarfi har muka iso gida. An ce mu koma bayan wata shida. Likita, ƙannenta biyu, mai shekara 6 da mai 4, su ma in kawo su ne ko sai sun yi ƙorafi?

Likitan Ido:
Ki kawo su duka, kada ki jira ƙorafi. Mai shekara 4 ma muna da allon hotuna da za ta iya nunawa da hannu. Ku zo da safe, don maganin ɗigon yana ɗaukar kusan minti 40 kafin ya kama, kuma ki taho musu da hula ko mayafi, hasken rana zai dame su a hanyar komawa.